Takardu Ɗari Biyu da Goma Sha Bakwai

Zuwa ga ɗana, Injiniya,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka, da duk wanda ke ƙarƙashin rufinka. Ina roƙon Allah wannan takarda ta tarar da kai a kan ƙafafunka, lafiya lau, kai da maiɗakinka da ƙananan yaran. Allah Ya tsare ku daga ciwon da ke kwantar da mutum a ƙasar da ba tasa ba, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu, Ya kuma dawo mana da kai muna da sauran numfashi. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ta dama tana nan da halinta, ta fi kowa sanin ranar da za a yi ruwa. Baffanka an yi masa aikin ido, yanzu yana gani har ya fara ganin laifin mutane. Bishiyar lemon da mahaifiyarka ta dasa, Allah Ya jiƙanta, bana ta yi 'ya'ya har reshe ɗaya ya karye.

Bakina ne ke magana, hannun Tela maƙwabcina ke rubutawa. Na riga na gaya masa idan ya gama zan kai wa Hedimasta mai ritaya ya karanta mini daga farko har ƙarshe, don haka kada ya ƙara gishiri, kada ya rage. Ya ce shekara talatin bangonmu ɗaya amma har yau ban yarda da shi ba, na ce masa ai shi ya sa muka kai shekara talatin ɗin. Za ka ce me ya hana in kira ka a waya. To, a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na ɗauko zance sai ka ce, to Baba, to Baba, ko kuma ka ce layi ba kyau, kuma ni na lura layin nan ba ya lalacewa sai an zo wurin da ba ka son ji. Wannan karon a rubuce nake so, yadda gobe ba wanda zai ce ban faɗa ba. Tela zai ɗauki hotonta ya turo maka yau ɗin nan.

Maganar 'yarka ce, wadda nake kira Uwata tun da sunan mahaifiyata ka sa mata. Jiya ƙanwarka, Gwaggon yara, ta zo mini da saƙonka: wai ranar Asabar za ta turo mota a kwashe yarinyar da littattafanta, ta koma gidanta ta yi kwanakin da suka rage kafin jarrabawa, a ɗaki mai shiru, a kan tebur. Wai an gaya maka ta fara yawo a tsakar gida tana magana da bango, tana shafa kabad tana kiran wasu sunaye, kuma an same ta tana kuka. Ban tambayi Gwaggo wa ya gaya maka ba, don na san ƙarar takalmin mai kai rahoto a gidan nan. Ka san abin da ke gabanmu. Jarrabawar ƙarshe ce ta makarantar koyon haɗa magunguna, ranar Alhamis mai zuwa. Sau biyu ta zauna, sau biyu ta faɗi, kuma dokar makarantar ba ta ba da ta huɗu. Idan ta faɗi wannan, shekara ukun da ta yi tana tashi da sassafe sun tafi a banza. Saboda haka ka karanta abin da zan faɗa har ƙarshe kafin ka yanke hukunci, don kukan da aka ba ka labari, ni ne na jawo shi.

Wajen wata biyu da suka wuce na tashi na ga wata 'yar takarda ruwan ɗorawa, ba ta kai tafin hannu ba, manne a jikin ƙofar gida ta ciki, da rubutu a kanta. Na wuce abina. Kashegari na ga biyu a jikin durom ɗin ruwa, ɗaya a kan famfo. Kafin mako ya zagayo sun hau firji, sun hau taga, sun hau agogon bango, wasu kore, wasu ja-ja. Na tambaye ta mene ne wannan, tana sauri za ta fita, ta ce karatu ne, Tsoho, kada ka taɓa. Na ce a raina, karatu a jikin firji? Ni ban shiga aji ba, amma na ga masu karatu. Na ga yadda ka yi naka, ka duƙufa a kan tebur tun hantsi har wuyanka ya ƙage. Ban taɓa ganin ka tambayi famfo komai ba. Sai na sa ido, ina ƙirgawa.

Ka tuna sitona. Shekara talatin da takwas na yi ina riƙe da makullin siton kayan gyaran motoci na kamfanin nan, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma ba a taɓa tambayata fulogi ko boris ko bel na ce a jira in duba littafi ba. Sai in ce layi na huɗu, kanta ta uku daga sama, bayan akwatin da kusurwarsa ta lotse. Akawu yana buɗe littafinsa, ni na riga na dawo da kayan. To, ranar da za a rufe kamfanin, ba wanda ya gaya mana. Wasu mutane ne kawai suka shigo da riguna masu guga, suna murmushi, suna gaishe mu da ladabi, suna manna ƙananan takardu a jikin komai. Kanta, sikeli, fanka, har kujerar da na zauna a kai tun ina saurayi. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, ya ce ba komai, Baba, tsari ne kawai. Bayan kwana tara aka yi gwanjon komai, ina tsaye wani ya ɗora kujerata a kan kai ya fita da ita, takardar tana manne a ƙafarta. Tun ranar na san ma'anar ƙaramar takarda a jikin kaya.

Sai kuma ga magini ya zo, wai kai ka turo shi, ya ciro awo yana auna bango, yana leƙa rufi, yana rubutawa. Na tambaye shi, ya ce ba komai, Baba, dubawa ce kawai. Ka ji? Kusan kalmomin mutumin nan na sito. Na haɗa wannan da wancan, na kuma tuna sau nawa ka ce mini gidan ya yi mini girma, in koma wurin Gwaggo a riƙa kula da ni. Na ce shi ke nan, an gama shiri. Uba yana can nesa yana ba da umarni, ƙanwa tana kai rahoto, 'ya tana yi wa kaya lamba, tsoho kuma tun da bai iya karatu ba sai a manna masa hukuncinsa a gaban idonsa yana wucewa yana gaishe shi. Duk da haka na daure, har ranar Litinin ta makon jiya da na shiga ɗakin mahaifiyarka na ga an jera takardu goma sha ɗaya a jikin kabad ɗinta, shida a kan keken ɗinkinta. Na fito na ga ɗaya a bayan kujerar da nake zama a ƙarƙashin lemo. A nan haƙurina ya ƙare.

Na jira ta tafi makaranta. Na ɗauko gwangwanin biskit ɗin nan da nake ajiye takardun asibiti, na fara daga ƙofar gida, na bi ta hannun dama kamar yadda nake zagaya sito, na ciccire su ɗaya bayan ɗaya. Ɗari biyu da goma sha bakwai. Na rufe gwangwani, na tura ƙarƙashin gado, na zauna a kujerata ina jiran a zo a yi ta ta ƙare. Da la'asar ta shigo. Na shirya wa faɗa, na shirya wa ƙarya, amma ban shirya wa abin da ta yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon wurin da takardar farko take, ta kai hannu ta shafa katakon. Ta bi durom, ta bi taga, ta shiga ɗakin kakarta ta fito. Sai ta zauna a ƙasa, jakarta tana rataye a kafaɗa, ta ce a hankali, Tsoho, saura kwana goma sha bakwai. A haka Gwaggo ta shigo ta same ta tana hawaye, ni kuwa na kau da kai ina gyaran rediyon da ba abin da ya same shi.

Kwana biyu ba ta ci wani abin kirki ba, ni ma ban ji daɗin nawa ba, amma ka san ni, ba na sauka daga magana don an yi kuka. Na ce sai na tabbatar. Na zaro takardu uku daga wurare daban-daban a cikin gwangwanin, na sa tsinken ashana a gurbin kowace. Na kai wa mai kemis na bakin titi, na ce ya karanta. Ya ce wannan sunan maganin hawan jini ne da yawan da ake sha, wannan na tari, wannan kuma gargaɗi ne kada a ba mai ciki. Na ce babu lamba ta ciniki a ciki? Ya yi dariya har ya riƙe kanta. Ban yarda ba, don mai kemis yana gaisawa da Gwaggo. Na kai wa Tela, ya karanta da ƙyar yana tuntuɓe, ya faɗi abu ɗaya. Na hau mota na tafi har gidan Hedimasta, wanda ba ya shiri da kowa a cikinsu, shi ma haka. A hanyar dawowa na ɗan yi tunanin ko sun haɗa baki ta waya, amma ko ni na ga abin ya yi yawa.

Ranar Laraba da safe na kira ta, na ce ta zauna ta yi mini bayani kamar tana yi wa wanda bai san komai ba. Ta ce ai haka ɗin ne, na ce ta kiyaye harshenta. Ta ce bayan faɗuwarta ta biyu wata malamarsu ta tara waɗanda suka faɗi, ta ce kowa ya daina kwaikwayon yadda na kusa da shi ke karatu, ya duba abin da kansa ya fi riƙewa ba tare da wahala ba. Wai wani sai ya gani a zane, wani sai ya ji da kunne, wani sai hannunsa ya taɓa. Ni ban yarda an raba 'yan Adam gida uku kamar noti ba, na kuma gaya mata. Ta ce ita ma ba ta ce haka ba, amma da ta zauna ta yi tunani sai ta ga shafin littafi yana zube mata daga ka kafin ta juya shi, alhali ba a taɓa ajiye abu a gidan nan ta manta inda yake ba. Ta ce wa ke nemo maka tabarau? Wa ya tuna inda ka ɓoye makullin akwati shekara biyu da suka wuce? Sai ta ce tana 'yar shekara bakwai na taɓa zaunar da ita na gaya mata sirrin sito, cewa ban taɓa haddace kaya ba, gida nake ba kowane, in an tambaye ni sai in taka da ƙafar zuciya in je gidansa in ƙwanƙwasa. Ni na manta na faɗa. Ita ba ta manta ba.

Abin da ta yi ke nan, Injiniya. Ta mai da gidan nan sito. Magungunan ciki suna wurin durom da famfo, na numfashi suna jikin taga, na zuciya da jini suna kabad ɗin mahaifiyarka, masu haɗari waɗanda kuskure kaɗan ke kisa suna kan keken ɗinki, kusa da allura, don ta riƙa jin tsoronsu. Tana zagayawa tana taɓa kowane tana kiran sunansa da aikinsa, don ranar jarrabawa ta rufe ido ta shigo ta ƙofa ta bi hannun dama. Wannan shi ne maganar da aka ce tana yi da bango. Ta ce rabin farko sun zauna mata, amma na makonni biyun ƙarshe ba su kama ba tukuna, kuma ko ta sake rubuta su, in suka canja wuri za su rikita mata har waɗanda ta riga ta riƙe. Na tambaye ta ta bayan kujerata fa, ta ce maganin da ake ba tsofaffi masu rikici ne. Na tabbata ƙarya take yi, amma ban kai wa mai kemis ba.

Na jawo gwangwanin. Ta ce ba amfani, an riga an cakuɗa. Na ce mata yarinya, da wa kike magana? Mai sito ko cikin fushi ba ya kwashe kaya a hargitse. Yadda na bi na cire, haka suke a jere, ta ƙarshe a sama, ta farko a ƙasa, ga tsinken ashana uku a gurbin waɗanda na fitar. Kuma mako shida ina hararar takardun nan safe da yamma, na san kowace kamar fuskar maƙiyi. Na kifa gwangwanin, na fara daga ƙofa. Wannan mai lanƙwasasshen kunne a saman sakata take. Wannan koriya mai rubutu kamar ƙugiya a farko, gefen famfo ta hagu. Waɗannan biyun a jikin firji suke, ɗaya ta ɗan hau kan ɗaya. Gam ɗinsu ya mutu, Tela ya kawo mana nasa, ya ce lallai a rubuta cewa shi ya bayar, to an rubuta. Tana biye da ni tana duba waɗanda ta sani, tun tana shiru har ta fara cewa haka ne, haka ne, har na ji muryarta ta canja. Kafin azahar an mayar da duka. Biyu kawai ta ce na musanya a jikin kabad. Ni na san ita ta musanya tun farko, amma na bar ta ta gyara, tun da ita za ta shiga jarrabawar.

Ban ce mata ta yi haƙuri ba, bakina bai saba ba. Abin da na yi shi ne, tun ranar ni ne mai tambaya. Ina zaune a ƙarƙashin lemo, tana juya wa gida baya, sai in ce taga ta biyu, takarda ta huɗu daga sama. Ta faɗi suna, da aiki, da wanda ba a ba shi. In ta yi jinkiri in ce mai mota yana jira, kamar yadda ake yi mini a sito. Ba na iya sanin ko daidai ta faɗa, don haka mai kemis yana leƙowa in ya rufe shago da rana, ya riƙe littafin yana dubawa. Ranar farko ta kuskure talatin da ɗaya. Jiya huɗu. Mai kemis ya ce shi kansa da za a juya masa baya haka, ba zai kawo rabi ba, na ce masa wannan ba abin da zai faɗa a gaban masu sayen maganinsa ba ne.

Na san kai a tebur ka yi naka, kuma ya yi maka, Allah Ya ƙara albarka. Teburin da ka saya mata da fitilar suna nan, ta zauna a kansu shekara biyu ta faɗi sau biyu. Ba ragguwa ba ce, ba kuma taɓin hankali ne da ita ba. Kanta irin nawa ne, ba irin naka ba, kuma da ni aka sa a makaranta aka ɗaure ni a tebur, da ni ma an ce daƙiƙi ne. In aka ɗauke ta ranar Asabar aka kai ta ɗakin Gwaggo mai shiru, an raba ta da taga da durom da kabad kwana biyar kafin jarrabawa, to abin da na yi mata da gwangwani shi za ka yi mata da mota. Ni na yi nawa cikin jahilci, kuma na samu na mayar. Kai an gaya maka, kuma naka ba zai mayu ba. Saboda haka na ce wa Gwaggo kada ta wahalar da direba. In ya zo zai tarar da ƙofa a kulle da ni a zaune a bayanta, kuma ka san ba a taɓa karɓar makulli a hannuna ba sai ranar da aka rufe kamfani.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce mata 'yarta ta rame kaɗan amma ta koma cin abinci, har tana cinye nawa. Ka gaishe da Ƙaramin Injiniya da Auta, ka ce Kaka yana tambaya ko har yanzu suna jin Hausa ko sai an yi musu tafinta. Baffanka yana gaishe ka, Hedimasta ma haka. Gwaggo ba ta ba ni saƙon gaisuwa ba, na san tana da hanyarta. Uwata ba ta san ina aiko da wannan ba, tana can tana magana da keken ɗinki. Ku sa ta a addu'a ranar Alhamis da safe.

Saura magana ɗaya. Takardun sun wanke kansu, amma har yanzu ba wanda ya yi mini bayanin magini da awonsa. Tela ya ce yoyon rufi ka turo shi ya duba, kuma gaskiya rufin yana yoyo. Wataƙila haka ne. Ni dai na taɓa jin ba komai, Baba. In ma da gaske sayar da gidan za ka yi, ka fito fili ka gaya mini a rubuce, mu yi wadda za mu yi ni da kai. Amma ka bari Alhamis ta wuce tukuna, don karatun 'yarka a jikin bangonsa yake.

Ni ne mahaifinka,
Mai Sito.
Ga dangwalen yatsana a ƙasa, don ka san ba Tela ne ya ƙaga ba.